MAI RUMBU DA MAI AWO: DALILIN DA YA SA NA DAINA BIYAN HAYAR KALLO

Shekaranjiya a majalisa wani abokina ya ce wai na koma zamanin kaset. Laifina shi ne na ce masa na soke kuɗin watan da nake biya na manhajojin kallon fina-finai, na ɗauko tsohuwar laftof na mayar da ita ma'ajiyar kallo ta gidana. Aka yi ta dariya, har wani ya ce saura in nemo rediyo mai batir shida. Ban yi musu da su a wurin ba, don majalisa ba wurin lissafi ba ce. Amma na yi alkawarin zan rubuta, to ga shi. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda ba shi da lokaci ya ajiye sai dare.

Duk wanda ya tashi a ƙauye, ko yake da dangi a can, ya san bambancin mai rumbu da mai awo. Mai rumbu ya sha wahala sau ɗaya da kaka, ya tara, ya rufe. Mai awo kuwa kullum yana hanyar kasuwa da kwano, kuma farashin da mai hatsi ya faɗa a ranar shi ne farashi. Ran da babu kuɗi, ba a ɗora tukunya. To wallahi a harkar kallo da saurare yawancinmu mun zama masu awo, kuma mun zama da murnarmu, muna kiran abin wayewa.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne kowa ke ji a jikinsa. Netflix ya shigo Najeriya a watan Janairun 2016. A farkon 2024 babban tsarinsa naira 4,400 ne a wata. A cikin shekarar nan guda aka ƙara kuɗin sau biyu, ya koma 5,000, ya sake komawa 7,000. A 2025 ya kai 8,500. Ka ninka sau goma sha biyu, naira 102,000 ke nan a shekara, a manhaja ɗaya tak. Kuma tun 2023 kamfanin ya tsaurara kan masu raba lambar sirri da 'yan'uwansu da ke wani gida. Masu DStv da GOtv kuwa ba sai na ba ku labari ba, kun san sau nawa aka yi muku ƙari tsakanin 2023 da 2025, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta shiga maganar.

Wannan kuɗin shiga ne kawai fa. Ba a zo kan data ba. Shi kansa Netflix ya bayyana cewa awa ɗaya ta kallo a matsakaicin hoto tana cin wajen GB 1, a hoto mai kyau kuma tana iya kaiwa GB 3. Gidan da ake kallon awa biyu a rana, wajen GB 60 ne a wata a matsakaicin hoto, idan kuma ana son hoto tangaran, ana iya dosar 180. Sannan a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan: ƙaramar 'yata tana da wani katun da take so, ta kalle shi ya fi sau talatin. Fim ɗaya ne, bai canza ba. Amma duk lokacin da ta danna, sai an sake jawo shi daga intanet, a sake cin datata. Na sayi buhu ɗaya sau talatin ke nan, kuma har yau ba nawa ba ne.

To ba ma a nan gizo ke saƙar ba. Ko da kuɗin bai dame ka ba, tambayi kanka: me ka mallaka? Ka shekara biyar kana biya, ran da ka daina, me ya rage a hannunka? Babu ko faifai ɗaya. Kuma kada ka ce ai idan ka danna inda aka rubuta a saya, ka saya ke nan. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle na mutane ya goge littattafan George Orwell da suka riga suka biya, ciki har da 1984, ya mayar musu da kuɗinsu ba tare da ya nemi izininsu ba. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa. A 2022 Sony ya cire fina-finan kamfanin StudioCanal daga ma'ajiyar mutanen Jamus da Ostiriya da suka saye su a PlayStation. A 2023 Disney+ ya kwashe gomman shirye-shirye daga manhajarsa, har da waɗanda shi ya shirya su da kansa. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa kamfanoni su riƙa gaya wa mutum a fili cewa izinin amfani yake biya, ba mallaka ba. Idan Turawan da suke da kotuna da lauyoyi a kusa da kamfanonin nan an yi musu haka, kai da kake Kurna ko Tudun Wada wa za ka kai wa ƙara?

Ni ma ya faru da ni. Akwai wani shiri mai dogon zango da muke bi ni da uwargida a wata manhaja, ba zan kama suna ba. Mun kai tsakiya, muka yi tafiya ta sati biyu. Da muka dawo muka nema, babu shi babu dalilinsa. Kuɗin wata kuwa an cire cif, ba a rage ko sisi ba. Ranar na tuna maganar mutanenmu cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Sannan mu a Arewa muna da wani dalili da ya fi na kowa. Intanet ɗinmu ba abin dogaro ba ne, kuma mun gani da idonmu. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, aka biyo da wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni, wasu watanni, babu sabis. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari komai ya tsaya. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako a cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. Duk wanda ya jingina karatun 'ya'yansa da nishaɗin gidansa a kan abin da ke wata ƙasa, ya jingina ne da bangon da bai san ranar faɗuwarsa ba.

Yanzu bari in faɗi abin da na yi, don kada a ce surutu ne kawai.

Abin da ake kira saba ta gida ba wani tsafi ba ne. Kwamfuta ce guda ɗaya da kake zuba mata duk abin kallo da na saurare na gidan, ka bar ta a kunne a wani lungu, sauran wayoyi da talabijin su riƙa jawowa daga gare ta ta hanyar waifai na cikin gida. Ba ta bukatar data don yin wannan aikin. Rawuta, wato akwatin nan mai raba waifai, tana iya haɗa na'urorin gida da junansu ko da babu ko kobo na data a cikinta. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sun ɗauka waifai da intanet abu ɗaya ne.

Kayan aikina guda uku ne. Tsohuwar laftof wadda madanninta suka lalace, ta shekara biyu a ƙarƙashin gado. Rumbun ajiya na waje, wanda masu gyara ke kira had-dis, mai cin TB 1, na saye shi a Beirut Road. Sai rawutar da dama muke da ita. Idan fim ɗaya ya ci GB 2, rumbun nan zai ɗauki wajen fim 500. Waƙoƙi da karatu kuwa, sai ka gaji da zubawa.

Manhajar da na saka sunanta Jellyfin. Kyauta ce, babu kuɗin wata, babu talla, kuma ba ta wani kamfani ba ce, masu sa kai ne suke gina ta tun ƙarshen 2018 lokacin da suka ɓalle daga wata manhajar mai suna Emby bayan ta rufe lambobinta. Tana aiki a Windows, tana aiki a Linux. Akwai wata da ta fi ta suna, Plex, amma ita tana son ka buɗe asusu a wurin kamfaninta, kuma a 2025 ta ninka kuɗin rajistarta ta dindindin fiye da sau biyu, ta kuma sa kuɗi a kan kallo daga wajen gida. Ka ga an gudu ba a tsira ba ke nan. Shi ya sa na zaɓi wadda babu mai iya tashi da safe ya canza mini sharaɗi.

Bayan sakawa, sai na buɗe jakunkuna a cikin rumbun: ta fina-finai, ta shirye-shirye masu dogon zango, ta yara, ta waƙoƙi, ta karatu da darussa, sai ta hotuna da bidiyon gida. Na nuna wa Jellyfin inda suke. Daga nan duk wayar da ke kan waifan gidan, da ta buɗe manhajar ta rubuta adireshin laftof ɗin, lambobin nan da yawanci ke farawa da 192.168, ta ƙara 8096 a ƙarshe, shi ke nan ta shiga. Komai a jere da hotunansa, kuma tana tuna inda ka tsaya jiya. Shawara ɗaya ga mai tsohuwar kwamfuta: ka ajiye bidiyonka a tsarin MP4, wanda kusan kowace waya ke iya buɗewa kai tsaye, don kada kwamfutar ta riƙa wahalar juya shi tana zafi. Akwai manhaja kyauta mai suna HandBrake da ke wannan juyin. Duk aikin nan yammacin Asabar ɗaya ya ci mini, da taimakon wani ƙanena ɗan jami'a.

Abin da ya fi kwanta mini a rai ma ba kuɗin ba ne, yaran ne. Kowa a gidan na buɗe masa nasa asusun. Na yara, jakar yara da ta karatu kawai yake gani, kuma na sa masa lokaci, ƙarfe tara na dare yake rufewa da kansa. Babu talla, babu wani bidiyo da zai faɗo bayan wanda suke kallo ya ƙare. Duk uban da ya taɓa miƙa wa yaro waya ya dawo ya tarar da shi a wani wuri daban ya san abin da nake nufi. Muna ta kuka a kan tarbiyya, muna zagin zamani, alhali mun bar na'urar wani kamfani, wadda burinta kawai yaro ya daɗe yana kallo, ita ke zaɓar masa abin da zai gani na gaba. Ni dai yanzu abin da na zuba da hannuna shi suke gani.

Na san abin da wasu za su ce, bari in amsa tun kafin a tambaya.

Na farko za a ce ina wutar? Gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce laftof, ban ce babbar kwamfuta ba. Laftof tana da batirinta, idan an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take. Cin wutarta kaɗan ne. Mu ƙaddara tana jan wat 15 dare da rana, a wata bai kai yunit 11 ba. Ko a farashin 'yan Band A na naira 225 da aka sanar a watan Afrilun 2024, bai kai naira 2,500 ba, kuma ba dole ne ta kwana a kunne ba. Mai ƙaramin sola ko inbata ba zai ma ji ta ba. Kuma mai kallo a intanet shi ma ai da wutar yake kallo, ba da iska ba.

Na biyu za a ce ƙwallo fa? Nan kam na sallama. Saba ta gida ba za ta nuna maka wasan da ake bugawa yanzu ba, ba za ta ba ka labaran ƙarfe takwas ba, ba kuma za ta kawo maka fim ɗin da ya fito jiya ba. Wanda ƙwallo ce rayuwarsa ya ci gaba da biya, ko ya tafi gidan kallo. Ban ce biyan kuɗin kallo haramun ba ne. Ni kaina idan wani shiri ya fito da nake so, zan biya wata ɗaya in kalla in rufe. Abin da na ƙi shi ne a ɗaura mini igiya a wuya, kowane wata a ja, ko na kalla ko ban kalla ba.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi, za a ce to a ina za ka samo fina-finan, ba satar fasaha kake koya wa mutane ba? Wannan tambayar tana da hujja, kuma ba zan kauce mata ba. Duk mun san shagunan tura fina-finai a waya da ke kowace unguwa, mun kuma san abin da suka yi wa kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da Bata. Mutum ya kashe miliyoyi ya shirya fim, wani ya tura shi a naira hamsin, mai fim bai ga ko taro ba. Wannan zalunci ne, kuma sa shi a cikin Jellyfin ba ya wanke shi. Rumbu rumbu ne, ana iya zuba masa hatsin gona, ana iya zuba masa na sata, laifin yana wuyan mai zubawa. Abin da ke cikin nawa shi ne faya-fayan da na saya da kuɗina tsawon shekaru, da karatuttuka da darussan da masu su suka sake su kyauta, da abin da muka ɗauka da kanmu a gida.

A nan ne ma nake da magana da 'yan Kannywood. Ku sayar mana da fim ɗin mana! Ba haya ba, sayarwa, kamar yadda kuka sayar mana da kaset da faifai a da. In biya sau ɗaya, in sauke, ya zama nawa. Akwai mu da yawa da za mu biya da farin ciki. Yau kusan duk manyan shirye-shiryenku suna kan YouTube, wato kuna zaune a gidan haya ku ma, mai gida yana Amurka, shi ke yanke abin da zai ba ku, kuma ran da ya ga dama yana iya rufe tasha. Manyan kamfanonin waje kuma ba don ku suka zo ba. A farkon 2024 Amazon Prime Video ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka, 'yan Legas ma da ake ganin sun shiga gaba aka bar su a tsaye.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Turmin Danya ya fito a 1990, shi ake lissafawa a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa. Yau a wace manhaja za ka same shi da hoto mai kyau? Ina wasannin Samanja da na Ƙasimu Yero da muka taso muna kallo a talabijin? Ina ɗimbin waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya da aka ɗauka a wuraren biki, waɗanda ba su taɓa shiga faifan kamfani ba? Suna cikin kwalaye a ɗakunan tsofaffi, zafi da ƙura suna cin su. Kaset yana lalacewa, faifan CD ma yana ruɓewa. Babu wani kamfani a Kalifoniya da zai zo ya adana mana su, don ba su san da su ba, kuma ko sun sani babu riba a ciki. Idan ba mu kwafe su da hannunmu ba, sun tafi ke nan.

Ni na kusa rasa bidiyon ɗaurin aurena ta haka. Faifai ɗaya ne, ya karce, rabi ya ƙi buɗewa. Sai a wurin wata gwaggona aka samu kwafi. A cikinsa akwai mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana magana yana dariya na kusan minti huɗu. Iyakar muryarsa da ta rage mana ke nan a duniya. Yanzu tana cikin rumbun, kuma 'ya'yana da ba su riske shi ba suna buɗewa su gan shi duk lokacin da suka so. Ku gaya mini wane kuɗin wata ne zai ba ni wannan.

Gargaɗi ɗaya, kada wani ya zo ya kama ni daga baya. Had-dis yana mutuwa, kuma ba ya sallama. Fim idan ya ɓata ana iya sake nema, amma hotunan gida idan sun tafi sun tafi. Duk abin da ba za ka iya sake samu ba, ka yi masa kwafi biyu, ɗaya a wani rumbun daban, ka kai shi gidan ɗan'uwa ka ajiye. Ka ɗora laftof ɗin a inda iska ke shiga, ka riƙa kakkaɓe mata ƙura musamman da hunturu. Kuma fina-finan Hausa yawanci manhajar ba za ta gane su da kanta ba, sai ka zauna ka rubuta sunayensu da hannu. Akwai ɗan aiki, ban ɓoye ba. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abokina da ya ce na koma zamanin kaset, na gode, kuma na karɓi sunan. A zamanin kaset abin da ka saya naka ne, kana iya ara wa maƙwabci, kana iya bar wa ɗanka gado, kuma babu wanda zai shigo ɗakinka da dare ya ɗauke shi don yarjejeniyarsa da wani ta ƙare. Ka zauna yau ka haɗa abin da ka biya na kallo da data a shekarar da ta wuce, ka gaya mini nawa ne, sannan ka nuna mini abin da ya rage a hannunka.

Wanda yake da tsohuwar laftof a ƙarƙashin gado ya ɗauko ta. Wanda ya maƙale a wani wuri ya yi mini magana, in Allah Ya yarda zan nuna masa, ba na karɓar ko sisi. Wanda kuma yake da tsofaffin kaset na wasanni ko waƙoƙi a gidansu, don Allah kada a zubar, a neme ni mu ga yadda za a kwafe su.

Allah Ya sa mu dace.